Jan Fenti a Gonar Malam Sha'aban

Bauchi, 6 ga Afrilu

Baba Malam Jalo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Zuliha. Yaya ƙafar? Wayarka kullum a kashe, shi ya sa na ba direban motar Azare wannan takarda.

Baba, wata bakwai ke nan muna zaman kwamitin gyara dokar gandun daji, kuma na gaji. Abu ɗaya na nace a kansa: itacen da manomi ya yi rainonsa a gonarsa ya zama nasa, in zai sare reshe ba sai ya nemi izininmu ba. 'Yan ƙungiyarmu ta ma'aikatan daji su suka fi kowa tsaya mini a wuya. Sun ce ranar da aka sakar wa manomi gatari, ko inuwar ɗaure akuya ba za ta rage a ƙasar Katagum ba. Shugaban kwamiti ya ce in nuna masa gona ɗaya tak da manomi ya raini itace don kansa. In ya gani da idonsa, maganata ta shiga doka. In babu, a soke ta. 'Yan kwamiti za su zo duba gonar ranar 29 ga wata.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana zaga dazuzzukan nan, kai ka koya mini aikin. Ka nemo mini gonar. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka, Ya Gana Kashim

Azare, 12 ga Afrilu

'Yata Ya Gana,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Zuliha na amsawa. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, ba ta warke ba, ba ta kuma bar ni na zauna ba. Na yi ritaya don in huta da kwamiti, sai ga kwamiti ya biyo ni har gida a motar haya.

Na samo miki gona, a gabas da Bulkachuwa. Mai ita Malam Sha'aban, kuma mun san juna sanin da ba daɗi. Shekara ashirin da suka wuce na ƙwace masa gatari, na kai shi gaban alƙali, saboda ya sare wa tumakinsa reshen gawo. Gawon nan mahaifinsa ne ya bar masa. A lokacin gani nake aikina na yi.

Tun da na bar aiki, shekara shida ke nan, ba wanda ya ƙara bin hanyar, sai Malam Sha'aban ya daina cire 'ya'yan gawon da ke tsirowa. Yakan bar mai ƙarfi, ya aske masa ƙananan rassa, ya ci gaba da noman geronsa a ƙarƙashi. Wasu sun kai ƙirjina, wasu sun fi ni tsawo. Na tsaya a tsakiyarsu ina ta kallo, don duk dashen da muka yi ta yi da 'yan jarida da jawabi, ban ga wanda ya rayu haka ba.

Ban same shi ba, ya tafi kasuwa. Matarsa Yakaka ta ba ni ruwa. Na ƙirga sittin da uku, kowanne na ɗiga masa jan fenti don kar in maimaita, yadda na koya miki. Ki kawo baƙinki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Jalo

Azare, 19 ga Afrilu

Ya Gana,

Bayan sallama. Saƙon murnarki ya iso mini, da ma bai iso ba.

Jiya na koma don in shaida wa Malam Sha'aban zuwan baƙi. Na tarar da gona fayau, sai ramuka da toka. Ba sara ya yi ba, tonowa ya yi har saiwa ya ƙona, don kar su sake toho. Kwana huɗu shi da matarsa suna aikin.

Yana zaune a bakin gona, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, mun ga saƙonka."

Na ce, "Wane saƙo?"

Ya ce, "Jan nan mana. Tun ina saurayi, itacen da malamin daji ya shafa wa ja ya tashi daga hannun mai gona. Gobe akuya ta karya reshe, a ce ni ne. Na tsufa da zuwa gaban alƙali, Malam. Gara gonar ta zauna tsirara."

Na ce masa ƙirga kawai na yi. Ya dube ni ya ce, "Wancan karon ma da ƙirga ka fara."

Ya Gana, ban yi masa musu ba. Ni da na san ma'anar fentin nan fiye da kowa, hannuna ne ya riga hankalina. Ban jira mutum ya dawo daga kasuwa na tambaye shi ba, don a shekara talatin da ɗaya ban saba tambayar mai gona ba. Rainon shekara shida na kashe masa da gwangwanin fenti ɗaya, na kashe miki aikin wata bakwai. Kunya ta ishe ni, kuma na gaji. Ki yafe mini.

Jalo

Bauchi, 23 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku, na yi fushi, na kuma rasa wanda zan yi wa. Da ni na je, ni ma fentin zan ɗauka.

Labari ya riga ni isa ofis. Mutanen ƙungiya har suna yi mini jaje da murmushi, wai ga shi manomi ya nuna halinsa, itace sittin da uku a kwana huɗu. Shugaba ya ce in zan janye ziyarar, in faɗa kafin Juma'a, a soke maganata ba tare da an ji kunya ba. Wata gonar ba za ta samu a kwana shida ba, na sani. Kuma in sun zo, sunanka ne zai ɓaci a gaban mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinka. Ba na so in ja maka wannan. In janye? Ka huta lafiya.

'Yarka, Ya Gana

Azare, 25 ga Afrilu

'Yata,

Salamu alaikum. Kar ki janye. Ki kawo su su ga ramukan, ni zan tsaya in faɗa musu wanda ya haƙa su da gaske. Jiya na sake zuwa wurin Malam Sha'aban, ya yarda zai yi magana, amma sai na fara.

Da zan tafi ya ja ni bayan suri, a kusurwar gona. Akwai gawo ɗaya a wurin, ya kai kafaɗata. Idona bai kai kansa ba ran nan, ban shafa masa komai ba, shi kuma bai taɓa shi ba.

Ki gaya wa shugabanku kowa ya zo hannu sake, ba fenti. Allah ya kawo ku lafiya.

Babanki, Jalo