Surukina da Cikin Hadiza

Laraba, bayan isha'i, unguwar Karewa

Alhamdu lillahi, yau na rufe bakin Goggo Dija, yayar maigidana. Tun da 'yata Hadiza ta zo goyon ciki, kullum mijinta yana hanya daga Mbamba. Yarinya ta yi wauta, ta raɗa wa goggonta wai bai taɓa sha'awarta kamar yanzu da cikin ya fito ba. Goggo ta ce aljanu ne, a raba auren.

Na tambayi ungozomar asibiti, ta ce wasu mazan haka zuciyarsu take, ba cuta ba ce.

Na ce, "Goggo, matarsa ce ta sunna. Mazan da ke bin otal, wa ya yi musu ruƙiyya?"

Aure yana nan. Amma ban yarda da rashin kunya a gidana ba, a zaure surukina zai riƙa gaishe da Hadiza har ta haihu ta yi arba'in.