Ledar Burodi a Kan Na'urar Clarrie

Asibiti, Adelaide, 3 ga Disamba

Glenys ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya zafi? Ki yi haƙuri da rubutun, hannun hagu ne. Na daman yana yajin aiki tun da jikin ya shanye, bakin ma bai yarda in yi waya ba.

Maganar na'urata ce ta gano ƙarfe. Kullum in suka miƙar da ni in koyi tafiya, ita nake hangowa da yashin Moonta Bay, shi ya sa nake ɗaga ƙafar. Ki cire batir, ki rataye ta inda babu danshi. Kada ki ara wa kowa, har ke. Na san hannunki.

Yayanki, Clarrie

Moonta Bay, 14 ga Disamba

Yaya Clarrie,

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kai dai ka cika mita! Na'urarka lafiya lau. Na naɗe kanta da ledar burodi biyu, na ɗaure da salatif tam, ko iska ba ta shiga. Ka ci abincinsu, ka daina faɗa da nas.

Taka, Glenys

Adelaide, 18 ga Disamba

Glenys,

Ina gaishe ki. Ba a sa mata leda sai za a je bakin teku. Me ta je yi can?

Clarrie

Moonta Bay, 27 ga Disamba

Yaya,

Bayan gaisuwa, sau huɗu ina yaga wannan takarda. Ƙarya na yi maka.

Wata amarya ce, Tegan, ta buga ƙofarka tana kuka ranar da na je duba maka gida, zoben aurenta ya faɗi a yashi. Maimakon in ce ba ka nan in yi shiru, bakina ya ce, "Share hawayenki, shekara talatin ina kallonsa yana yi." Na naɗa leda kamar yadda nake ganin kana yi, muka tafi. Abokinka Des Polkinghorne yana kamun kifi, ya ɗaga murya, "Glenys, wa ya ba ki lasisi?" Na ce ya ji da kifin da bai kama ba.

Ko minti goma ban yi ba igiyar ruwa ta kwashe min ƙafa. Ni da na'ura muka zube gaban jama'a, siket a ka. Zobe kuwa ko alamarsa. Don kunya na jefa ta bayan mota, ban ko kalle ta ba sai bayan kwana huɗu, cikin wannan zafin.

Da na buɗe, ledar ta yi gumi sharkaf, gidan batir ya yi kore, yashi ya cushe gaɓar sandar. Na kai wa Des. Bai ko tsokane ni ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Ya ce, "Ɗan ruwan da ya shiga, ledarki ce ta hana shi fita. Da ranar kika kwance, kika wanke farantin da ke ƙasan sandar da ruwan famfo, kika shanya ta a inuwa, da ta tsira." Ya kunna, shiru.

A yammacin ranar na zauna na rubuta maka wai lafiya lau. Shekarata sittin da takwas, Yaya. Tsoro na ji ka daina ɗaga ƙafar nan saboda ni. Des ya ce akwai mai gyara a Kadina, amma bai ba ni fata ba. Ka zage ni, zan fi samun barci.

Ƙanwarka, Glenys

Adelaide, 2 ga Janairu

Glenys,

Na samu. Kada ki kai ta Kadina.

Tun kafin wasiƙata ta farko likita ta gaya min ni da taka yashi mun rabu. Keken guragu ne, kuma ba gida zan koma ba, gidan kula da tsofaffi za a kai ni. Na kasa rubuta miki, sai na rubuta maganar batir.

Ki zo da ita ran Lahadi yadda take. Kada ki kakkaɓe yashin.

Yayanki, Clarrie