Auta Mai Silinda Takwas

Flint, 9 ga Maris

Dewey mutumina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da uwargida Ardith kuna lafiya, kuma sanyin arewa bai daskarar da ɗan abin da ya rage a kanka ba. Na kira wayarka har na gaji, kullum Ardith sai ta ce kana barci. Kasa sarkin barci ka koma ne? Shi ya sa na ɗauko biro, ni da rabona da wasiƙa tun muna soja.

To buɗe kunnenka. Kamfanin motocinmu ya yi magana. Daga bana sun daina ƙera injin mai silinda takwas, komai zai koma lantarki, irin motocin nan masu wucewa shiru kamar ɓarawo. Amma kafin su rufe za su fitar da mota ta ƙarshe mai wannan injin, guda ɗari uku kacal a duniya, ƙarfin doki ɗari takwas da ɗoriya. A kulob ɗinmu na masu son motoci mun raɗa mata Auta. Kuma Dewey, fentin! Ruwan lemo da baƙin zane biyu a kan bonet, sak motarmu Tsohuwa ranar da muka haɗa kuɗi muka ɗauko ta a shekarar saba'in.

Ranar Asabar da safe filin shagon donat da kofi, inda 'yan kulob ke haɗuwa, ya kusa kamawa da wuta. Kowa da hoton Auta a hannu. Gus, da tumbinsa da ka sani, ya ce, "Hoto ne fa kawai, ba wanda ya ji kukanta." Na ce, "Kai da ka auri matarka a kan hoto, kai ne za ka yi wa mutane wa'azi?" Kofi sai da ya fito masa ta hanci.

Guda ɗaya tak aka ware wa dilan motocin garinmu, kuma ƙuri'a za a jefa. Na sa sunana. Na sayar da kwalekwalen kamun kifi da ɗakin bakin tafki, ba wanda zan bar wa su. In ta faɗo kaina, ba inda zan fara zuwa sai ƙofar gidanka. Shekara biyu ke nan da komawarku Marquette, kujerarka a garejina har yau ba wanda na bari ya zauna.

Ka ba ni amsa, tsohon banza.

Naka,
Hollis


Marquette, 21 ga Maris

Hollis,

Bayan gaisuwa, mun ga wasiƙarka, muna lafiya. Ardith ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, don hannuna ya soma rawa. Waya kuwa kunnena ne ya ƙi, ba wulaƙanci ba ne.

Doki ɗari takwas a hannunka? Allah ya ji ƙan itatuwan bakin titi. Kai da ka shiga da Tsohuwa cikin gonar kabewa da doki ɗari huɗu, kana rantsuwa wai titin ne ya karkace. Ka tambayo mini, giyar hannu ce ko mai sarrafa kanta? In mai sarrafa kanta ce, kada ma ka faka ta a unguwarmu, ina da mutunci a nan.

Na ajiye hoton da ka aiko kusa da kujerata, ina yawan dubawa. Fentin ya yi kyau ƙwarai. Ka gaida mutanen Asabar, ka ce wa Gus ya rage donat.

Nan tafki bai narke ba tukuna. Da rana ina zama bakin taga, babu motar kirki da ke wucewa, sai ta kwasar ƙanƙara. Ka ci gaba da rubutowa, ana jin daɗin wasiƙarka a gidan nan fiye da yadda kake zato. Ka riƙa tuƙi a hankali.

Abokinka,
Dewey


Flint, 18 ga Mayu

Dewey,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Zauna kafin ka karanta. Ta faɗo kaina!

Mu arba'in da ɗaya muka tsaya a shagon dila, aka zuba sunaye cikin hular kwano, matar da ke share wurin ta zaro. Da aka kira sunana ban motsa ba, sai da Gus ya dunguro ni. Ya ce, "Kai ne fa, kurma." Daga baya ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa, wai in sayar masa da gurbin. Na ce, "Gus, ko ƙodata ka nema da na duba maka." Ya ce, "Ƙodarka me zan yi da ita, ta sha giyar shekara hamsin?"

Giyar hannu ce, guda shida, sai ka kwantar da hankalinka. Sun ce Satumba za ta iso. Na share rabin gareji, na shafa wa daɓen fenti, har na kan tsinci kaina tsaye ina kallon wurin da babu komai. Ka san abin da ke damuna? Shekara talatin da huɗu muna ɗaura irin injin nan a masana'anta, ni da kai, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu ga na ƙarshe zai sauko daga layi, babu hannun ko ɗayanmu a jikinsa. Ina so in ji kukansa kana kusa, don in ga fuskarka. In ka yamutsa ta, na san sun yi ha'inci.

Wata magana. Tsohuwa ta soma tari. Da sanyi lafiya lau take, amma in ta yi zafi na sa giya ta uku na taka totur, sai ta shaƙe kamar mai tuƙa tuwo da hayaƙi. Na canza fulogi, na wanke kafireta, a banza. Kanikawan yanzu sun kawo na'urarsu sun rasa inda za su soka ta. Kai ne mai kunne a cikinmu. Faɗa mini ina zan duba.

Naka,
Hollis


Flint, 6 ga Yuli

Dewey,

Gaisuwa. Mako bakwai shiru. In fushi kake don na sayar da ɗakin bakin tafki ban shawarce ka ba, faɗa mini in ba ka haƙuri. In ba ka san abin da ke damun Tsohuwa ba ne kake jin kunya, wannan ma ba komai, zan ɓoye maka. Amma shirun nan ba naka ba ne. Ardith, in ke kike karantawa, don Allah layi ɗaya.

Hollis


Marquette, 15 ga Yuli

Zuwa ga Hollis,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Ardith, kuma wannan karon da bakina nake magana.

Na yi maka ƙarya, ina neman gafararka. Dewey bai faɗi kalma ko ɗaya ta wasiƙar Maris ba. Ni na rubuta ta daga farko har ƙarshe. Ciwon mantuwa ne ya kama shi. Shi ya sa muka baro Flint muka dawo kusa da 'yarmu, ba don iskar tafki ba kamar yadda muka gaya wa mutane. Ranar da likita ya faɗa mana, muna fitowa ya riƙe hannuna a cikin mota ya ce, "Ki yi mini alkawari Hollis ba zai gan ni haka ba." Na yi masa.

Da wasiƙarka ta farko ta zo na karanta masa. Ya karɓi hoton ya riƙe, yana ta kallonsa. Ni kuwa na san sarai abin da zai ce da yana nan yadda yake a da, shekara arba'in da shida ina jin ku kuna zagin juna a gareji. Na zauna na rubuta. Ba don kai kaɗai na yi ba, Hollis. Na yi kewar muryarsa ne, kuma a takardar nan na sake jin ta. Da ka tambayi abin da ke damun Tsohuwa, na karanta masa sau uku, ya dube ni ya tambaye ni ko an ba kare abinci. Karen ya mutu tun muna Flint. A nan dabarata ta ƙare.

Wata rana yana sanina, wata rana yana kirana da sunan yayarsa. Yana cin abinci, ba ya faɗa da kowa. Hoton motar yana aljihun rigarsa, ya yi laushi saboda taɓawa.

Na riga na karya rabin alkawari, ka taimake ni in riƙe sauran. Kada ka zo. Ka riƙe shi yadda ka san shi.

Ka huta lafiya.

Ardith


Flint, 24 ga Yuli

Ardith,

Gaisuwa, da godiya kan masauki. Kin ce kada in zo, na kuma zo, kin buɗe mini ƙofa kin shigar da ni. Ni kuwa na taho ban yi miki sallamar kirki ba, don da na buɗe baki a lokacin da na ba mu kunya a gaban maƙwabta. Tun Maris ya kamata in gane. Dewey bai taɓa ce wa wani mahaluki ya yi tuƙi a hankali ba.

Kin tambaye ni abin da ya faru da na fita da shi a Tsohuwa, na ce babu komai. Ga shi.

Mun hau titin bakin tafki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod yana jin rawar injin, ya daɗe a haka. Can ya ce, "Bawan Allah, motar nan taka ce?"

Na ce, "Tamu ce, ni da wani abokina."

Ya ce, "To abokin naka ya san mota. Kai kuwa kana jinkirin sa giya."

Na yi dariya har idona ya kawo ruwa. Shi ma ya yi, bai san dalili ba. Sai ya zaro hoton Auta ya nuna mini. Ya ce, "Ka ga wannan? Ta abokina ce, Hollis, a Flint yake. Ba a ƙera ta ba tukuna."

Na ce, "Yana zuwa ganinka kuwa?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ya daɗe bai zo ba. Amma zai zo. Shi dai ba ya son zuwa hannu rabbana, sai ya samo abin da zai nuna mini."

Na gangara gefen titi na tsaya. Ardith, awa shida ce tsakaninmu, gada ɗaya. Shekara biyu ina cewa sai bazara, sai na gyara kaza, sai Auta ta fito. Ke kin ɓoye mini, gaskiya ne, amma ni ma ban zo na duba ba.

Na ce masa, "Ni ne fa Hollis." Ya dube ni da tausayi, ya dafa kafaɗata, ya ce, "A'a, Hollis yaro ne, gashinsa baƙi. Tayar da ita mu tafi."

Na tayar muka tafi.

Dila ya kira jiya, an ɗaga zuwan Auta sai Disamba. Zan riƙa zuwa duk bayan mako biyu, ko ya san ni ko bai san ni ba. Kada ki ce komai, ki dai dafa kofi.

Naki da girmamawa,
Hollis


Marquette, 28 ga Nuwamba

Hollis,

Gaisuwa mai yawa. Bayan tafiyarka ya faɗi a banɗaki, ni da 'yarmu muka kasa ɗaga shi. Ranar Litinin muka kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bayan coci. Ɗakinsa a ƙasa yake, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Ya daina yawan magana, abinci ma sai an lallaɓa. Likita ya ce kada mu yi dogon lissafi.

Ma'aikaciyar ta ce duk safiya abu ɗaya yake tambaya, wai mutumin nan mai mota ya zo? Ban san wanne yake nufi a cikinku ba, mai furfurar ko mai baƙin gashin.

Allah ya kiyaye hanya in za ka taho, dusar ƙanƙara ta sauka sosai.

Ardith


Flint, 9 ga Disamba

Ardith,

Gaisuwa. Auta ta iso yau da safe, lamba ta ɗari biyu da sha ɗaya. Mutanen kulob sun cika gareji. Gus ya ce irin wannan ba a taka titi da ita, lulluɓe ta ake yi a ajiye, balle yanzu da aka zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, zai cinye ƙasanta kafin bazara. Gaskiya ya faɗa.

Zan taso da ita Alhamis da sassafe. Ki ce su sa masa babbar rigar sanyi da hula, su tura kujerarsa bakin ƙofa da misalin ƙarfe biyu. Ki roƙar mini sauran tsofaffin gafara, za a yi ƙara.

Hollis