Kaka Ɗan Shekara Sha Tara

Goggo,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya su Auta? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyin masana'anta ya sa mini, kada ki damu.

Na gano kabarin mahaifinki. Ba a daji aka yar da shi ba. Maƙabartar sojoji ce, fararen duwatsu jere iya ganin ido, tsit kamar numfashi ma laifi ne.

Na cire takalmi, na durƙusa zan gaida tsoho, sai na karanta dutsen: shekara sha tara. Auta ma ya girme shi! Bakina ya kasa cewa Kaka. Bayan addu'a na ce masa, "Cikin da ka tafi ka bari, mace aka haifa. Ta yi furfura, tana gaishe ka."

Ɗanki.