Ƙullin da ke Jikin Igiyarki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike. Masu karanta wannan ba su san ki ba, su yi haƙuri, da ke nake magana.

Shekaranjiya kika cika kwana arba'in. Mutane sun zo, sun yi addu'a, sun watse. Kowa yana yaba mini tawakkali. Ba tawakkali ba ne, Inna, ban ji komai ba ne. Ina ci, ina sha, ina hawa mota zuwa masana'anta a Idu, ina dawowa.

Kin tuna lokacin da idanunki suka rufe gaba ɗaya, na ɗauko ki daga Malumfashi zuwa gidan hayar nan na Jikwoyi. Ɗakinmu a bakin zaure, banɗaki can ƙarshen tsakar gida, ga kwata ta ratsa tsakani. Sai da aka yi mako biyu na lura kofin ruwan da nake ajiye miki da safe, a cike nake tarar da shi da yamma. Kin gwammace ƙishirwa da ki kira matar wani ta ja ki zuwa banɗaki.

Na je wurin mai kula da gidan, Oga Sande, na roƙi a bar ni in rufe kwatar, in kafa ƙarfen dafawa a bango. Ko kallona bai yi ba. "Gidan haya ne, ba a taɓa bango. Mai gida ba ya so." Da ƙyar ya yarda da ƙusa biyu.

Na sayo igiyar guga a Nyanya, na ɗaura daga ƙofarmu zuwa ƙofar banɗaki. Kika bi ta da hannu a hankali, da sandarki ta taɓo bakin kwata kika tsaya, kika yi ƙulli a wurin da kanki. In hannunki ya ji ƙullin, sai ki buɗe ƙafa ki tsallake. Daga ranar kika ajiye sanda, kofinki kuma ya koma ƙarewa kafin azahar.

Matan gidan suka ga igiya sabuwa, suka ɗauka ta shanya ce. Kika shiga cikin jiƙaƙƙen zanen Maman Ngozi da fuskarki, kika fito kina dariya. "Yau an wanke mini fuska ban roƙa ba." Ita kuma kunya ta kama ta, har ta zama mai gadin igiyar. Duk wadda ta rataya ko da tsumma ne, sai ta sha faɗa da guntuwar Hausarta: "Wannan na Mama ne, cire!"

Sai ranar Asabar ɗin nan da Oga Sande ya ce mai gida zai zo duba gidansa, a kwance igiyar, tana ɓata tsari. Ban yi musu ba. Na ji tsoron a ce mu tashi. Na kwance, na naɗe, na zauna da ke a ɗaki. Mai gidan ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya amsa waya, ya koma motarsa. Ko tsakar gidan bai leƙa ba. Bayan la'asar na mayar da igiyar, na ja ta na ji ta yi ƙarfi, na ce miki an gama.

Washegari da hantsi kika faɗa kwata, ƙashin ƙugunki ya karye. Ba ki ƙara takawa ba.

Duk wanda ya tambaya, amsarki ɗaya: "Santsi ne." Ni ma na yarda. A asibiti sau biyu kina ce mini, "Ɗan nan, ka kwance igiyar nan ka yar, ta gama aikinta." Na ce to, ban kwance ba. Na ɗauka zafin ciwo ne ya sa kika tsane ta.

Mai gidan ya zo ta'aziyya. Mutumin kirki ne ashe. Ya dubi kwatar ya ce da an gaya masa, da tuni an rufe ta, an kafa ƙarfen ma. Babu wanda ya taɓa tambayarsa, har da ni. Gobe magina za su zo.

Shi ya sa yau da safe na ce bari in cika miki umarni. Kafin in kwance, ban san dalili ba, na rufe ido na kama igiyar na bi. Hannuna ya ji ƙullinki, na buɗe ƙafa na tsallake. Na ƙara taku biyu, ƙafata ta zurma cikin kwata.

Na buɗe ido na duba. A juye na ɗaura ta, Inna. Bakin da yake na banɗaki shi na kai ƙofarmu, ƙullin ya dawo baya da taku biyu. Kin tsallake busasshiyar ƙasa, kin taka rami, saboda kin yarda da abin da ɗanki ya ɗaura. Kuma kin sani. Tun kina kwance a wurin kika sani, shi ya sa kika so in yar da ita ban duba ba.

Na daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwan wanke-wanke. Na jira kuka, bai zo ba. Maman Ngozi ta fito da bokiti, ta gan ni, ta koma ɗaki.

Ban yar ba, Innata. Na kwance na juya ta, na ɗaura daidai. Yanzu ƙullin yana kan kwata, inda kika sa shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya mayar miki da gani a gidan da ba na haya ba. Yadda kika rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki. Ki yafe mini, ko da yake na san kin riga kin yi.

Ɗanki na fari,
wanda ba kya kiran sunansa.