Yaran da ke Gefe

Dutse Alhaji, Talata 6 ga Mayu

Zuwa ga malamin aji shida na rana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce Malama Rekiya, mai aji biyu na safe. Tun da iska ta yaye rufin ɗaya ginin aka haɗa mu ɗaki guda, ni in tashi sha biyu da rabi, kai ka shigo ƙarfe ɗaya. Ba ma haɗuwa, shi ya sa na bar maka wannan a durowar tebur.

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a ɗakin nan, bencina ashirin da biyu a layi biyu, duk suna kallon allo. Kwana uku ke nan ina tarar da su a jikin bango, an zagaye ɗakin kamar za a yi rawar biki a tsakiya. Yarana 'yan shekara bakwai ne, bencin kuwa haɗe yake da teburinsa, ba za su iya ɗagawa ba. Jiya ni kaɗai na ja su, har yanzu bayana bai yafe mini ba.

Don Allah idan kun gama, a mayar da su yadda aka same su.

Na gode. Allah ya ba da sa'ar aiki.
Malama Rekiya

Laraba 7 ga Mayu

Mama Rekiya,

Barka da aiki, yaya gida, yaya ciwon baya? Sannu. Sunana Edward, ɗan Pankshin ne ni, daga Zuba nake zuwa kullum.

Mama, ba raini ba ne. Ke da safe kike, ba ki san ɗakin nan da rana ba. Da ƙarfe ɗaya matar da ke bayan katanga take kunna injin markaɗe, ba ta kashewa sai biyar. Duk yaron da ya zauna a baya, bakina kawai yake gani yana motsi. Da ƙarfe uku kuma rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan allo, rubutu ya ɓace. Ina da yara saba'in da huɗu, jarrabawar shiga sakandare saura mako biyar. Da na zagaye bencin na tsaya a tsakiya, yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba tun Janairu ta ba ni amsa.

Mayarwa kuma, mun gwada. Minti ashirin take ci, kuma da hadari ya haɗu yaran da ke tsallaken rafi dole su gudu. Ki gwada zagayen na mako ɗaya mana. Ƙananan ma za su ji daɗinsa, kowa yana ganin kowa.

Naki da ladabi,
Edward

Alhamis 8 ga Mayu

Malam Edward,

Na gaishe ka. Na karanta, na kuma gane.

Ba zan gwada ba. Na fara riƙe alli tun kana rarrafe, ban zo neman darasi ba. Layi biyu nake so, ba uku ba, ba zagaye ba. Ba sai na ba ka dalili ba.

Ka huta lafiya.
Rekiya

Litinin 12 ga Mayu

Mama Rekiya,

Ina kwana, yaya hutun ƙarshen mako?

Gara ki ji daga bakina. Ranar Juma'a na kai maganar wurin shugabar makaranta, Madam Rosemary. Ba ƙararki na kai ba, cewa na yi ta raba mana gardama tunda mun kasa. Ta ce Litinin mai zuwa za ta zauna a ajinki tun daga takwas, da rana ta zauna a nawa, duk jerin da ta ga ya fi amfani shi za a bari.

Na ga an yi wa bencin gefen taga alama da jan alli, an rubuta sunaye da manyan baƙaƙe. Ban bari an goge ba.

Allah ya ba mu haƙuri da juna.
Edward

Laraba 14 ga Mayu

Edward ɗana,

Sallama. Yau ba zan yi maka doguwar gaisuwa ba.

Ka kashe ni ba ka sani ba. Abin da zan faɗa maka ko 'ya'yan cikina ba su san iyakarsa ba. Ina da hawan jinin ido. Shekara huɗu ke nan yana cin ganina daga gefe. Abin da ke gabana kai tsaye ina ganinsa, shi ya sa nake iya rubutu da karatu. Dama da hagu kuwa babu komai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi.

In benci suna layi biyu, in na tsaya jikin allo, duk yarana sittin da uku suna shiga cikin ɗan abin da ya rage mini. Na san wa ke ina. Da ka zagaye ɗakin, ina shiga sai in ga fili a gabana, muryoyi na tashi daga inda ba na gani.

Jiya bayana ya hana ni jan benci, na ce bari in lallaba a haka. Akwai wata yarinya, Hasana, mai yawan haɓo. Tana zaune a gefen ƙofa, jini ya ɓalle mata, ta ɗaga hannu har ta gaji, ta fita neman ruwa. Ban sani ba. Mai sayar da awara ce ta kamo ta a bakin titin Bwari, tana shirin tsallakawa wurin famfo. Ta kawo mini ita rigarta duk jini, ta ce, "Malama, yarinya ta fita ba ki gani ba?" Na ce ina rubutu a allo ne. Ƙarya na yi.

Idan Madam ta zauna a ajina a zagayen nan, minti goma ya ishe ta ta gane. Za a ɗauke ni daga aji a ajiye ni ofis ina gadin rajista, ko a ce in tafi gida. Mijina ya rasu, 'ya'ya sun watse, ɗakin nan ne kawai inda ake jirana da safe. Ina jin tsoro, Edward, tsoro sosai. Ina roƙonka don girman Allah ka rufa mini asiri, ka jera su layi biyu ranar Juma'a. Na sani yaranka za su cutu. Ba ni da bakin ba ka haƙuri.

Ka yaga wannan in ka karanta.

Uwarka,
Rekiya

Juma'a 16 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya ba ki sauƙi.

Na yaga. Kwana biyu abinci ba ya shiga. Ki yafe mini, na ɗauka taurin kai ne irin na manya.

Yau mun tashi da wuri, ni da yarana mun jera su layi biyu. Na tsaya inda kike tsayawa, na naɗe takarda na leƙa ta ciki, na yi ta matsar da benci har na ga duka sun shiga. Na buga ƙusa a siminti inda ƙafar kowanne za ta tsaya. Bencin Hasana shi ne na farko, daidai gabanki. Na gaya wa Madam na janye maganata, ta ce ta riga ta sa a ranta, za ta zo. 'Yan baya nawa, zan riƙa kiran su ranar Asabar gindin mangwaro mu maimaita. Ba zai kai ba, amma shi ke hannuna.

Ba zan faɗa wa kowa ba, na yi alkawari. Sai dai Mama, ba zan ɓoye miki ba, 'yata ma shekararta bakwai. Tun shekaranjiya titin nan nake gani da tirelolinsa. Na iya gyara benci. Ban san yadda zan hana yaro tashi daga inda aka zaunar da shi ba.

Allah ya tsaya miki ranar Litinin.

Ɗanki,
Edward

Litinin 19 ga Mayu

Edward,

Sallama, da godiya da ba zan iya rubutawa ba.

Madam ta zo, ta zauna awa biyu. Ta ce ba ta ga aji mai natsuwa irin nawa ba, layi biyu za a bari. Na raka ta ƙofa ina murna kamar yarinya.

Da na dawo jikin allo sai na ji ana jan zanena. Hasana ce. Ta ce tun Madam tana nan take tsaye a gefena na hagu, haɓon ya dawo, tana jira in juyo. Taku ɗaya ne tsakaninmu. Madam ta ɗauka ni na tsayar da ita.

Na wanke mata fuska, na bi Madam ofis na faɗa mata komai da bakina.

Daga gobe ka cire ƙusoshin, ka jera bencinka yadda yaranka za su ji ka. A ƙarƙashin wannan takarda akwai sunayen nawa su sittin da uku, da abin da ya kamata a sani game da kowanne. Ka ba duk wanda aka turo ya riƙe ajin a madadina. Ka ce masa ya riƙa waiwayawa.

Allah ya yi maka albarka.
Rekiya