Mabuɗin Shagon Zongo

Damagaram, 3 ga Zulƙida

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Takardarki ta iso hannun direba. Na gode da kika rubuto, kin san kunnena ya daina jituwa da waya.

Kin ce kin ƙara wa teloli albashi, kin sa fanka a shago, amma fuskoki sun ƙi sakewa, har biyu sun tafi. Masu ilimi da yawa suna zaton abin da ke shiga aljihun ma'aikaci shi kaɗai ke zaunar da shi. Ni ma haka na zata sanda aka ba ni shugabancin lakwal, wato makarantar boko, sai da malamai uku suka gudu na gane kurena. Albashi wajibi ne, amma mutum yana zama inda ake ganin mutuncinsa.

Ki rubuto mini duk abin da kika canza tun rasuwar mahaifinki, har ƙananan abubuwa. Kuma yaya Mu'azu? Ba ki ambace shi ba, alhali don surfanin hannunsa ake kawo manyan riguna shagonku na unguwar Zongo shekara ashirin da biyu.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, Shu'aibu

Yamai, 9 ga Zulƙida

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Duk muna lafiya, sai zafi.

Ban canza komai ba sai gyara. Yanzu kowa yana fara aiki ƙarfe takwas. Na kafa allo, ina rubuta sunan kowa da yawan aikin da ya gama a sati, don a yi gasa. Haka aka koya mana. Na kuma karɓi mabuɗi daga hannun Baba Mu'azu na ba mai gadi, don na tausaya masa. Tsoho ne, kullum sai ya taso daga unguwar Boukoki bayan asuba ya buɗe shago. Na ce, “Baba, ka huta da sammakon nan.” Ya daɗe yana kallon mabuɗin, sannan ya ce, “To, Madam.” Da can Rukayyatu yake kirana.

Gaskiya, Kawu, shi ne damuwata. Sati huɗu ke nan sunansa ne a ƙasan allo. Jiya Adama, ɗaya daga cikin telolin, ya ce masa, “Baba, ka riƙe ƙasan nan da kyau, kada allon ya faɗo mana.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Shi bai ɗago kai ba.

Saura wata guda Sallar Layya, riguna goma sha huɗu suna jiran hannunsa, masu su kuwa sun ce ba su yarda da surfanin keke ba. Me zan yi ya ƙara sauri?

'Yarka, Rukayya

Damagaram, 13 ga Zulƙida

Rukayya,

Gaisuwa a taƙaice, don direba yana jirana. Ki mayar wa Mu'azu mabuɗinsa ranar da takardar nan ta iso, ki goge allon.

Akwai abin da na ɓoye miki, kuma laifina ne. Shekara uku da suka wuce mahaifinki ya gaya mini idon Mu'azu ya fara rauni, ya roƙe ni kada kowa ya ji, don Mu'azu mai kunya ne. Ƙofar shagonku tana kallon gabas. Daga fitowar rana zuwa hantsi ne yake ganin zare sosai, a lokacin yake yin aikin da ya fi wuya, shi kaɗai, ba mai kallonsa. Ramin allura kuwa ba ya ganinsa ko kaɗan. Kowace yamma mahaifinki yakan zura masa zare a allurai goma sha biyu, ya soke su a ɗan matashi, ya sa a aljihun teburin Mu'azu. Ba su taɓa yin maganar a tsakaninsu ba.

Ya kamata in gaya miki ranar sadakar arba'in. Na ga hawayenki, na ce sai wani zuwan. Ki yafe mini, ki yi sauri.

Kawunki, Shu'aibu

Yamai, 19 ga Zulƙida

Kawu,

Ina gaishe ka. Takardarka ta iso ranar Alhamis. Baba Mu'azu ya tafi tun Laraba. Ga abin da ya bari a kan teburina, da rubutun 'yarsa Mariyam:

“Zuwa ga Madam, bayan gaisuwa. Na ci arzikin gidanku, ba ni da ƙorafi. Hannuna ya yi nauyi, ba na so in riƙa ja wa shagon Alhaji baya. Riguna uku na gama, sauran a nemi wani. A yafe mini. Mu'azu.”

Na buɗe aljihun teburinsa, na ga matashin. Allurai goma sha ɗaya babu zare. Ɗaya tana da zare shuɗi da ya yi ƙura. Hawwa, mai surfanin mata, ta ce tun rasuwar mahaifina take ganinta haka, bai taɓa cire ta ba. Ta ce wata bakwai ke nan yana shiga bayan shago ya yi ta fama da allura shi kaɗai, kuma in ta ce ta taimaka sai ya ce iska yake sha.

Na je Boukoki da mabuɗin. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran wata tsohuwar hula. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na miƙa masa mabuɗin, na ce na san komai yanzu. Nan ne na ƙara ɓata abin, Kawu, don fuskarsa ta canza.

Ya ce, “Wa ya gaya miki?”

Bai jira amsata ba.

Ya ce, “To, tunda an sani, ai an gama. Mabuɗi na mai shago ne, Madam. Ki gaida gida.”

Mutum tara sun zo sun karɓi shaddarsu. Hawwa kuma ta ce tana so ta huta bayan Sallah, ban san ko hutun dawowa ba ne. Shekara goma sha biyar take nan, ban san komai game da ita ba sai sunanta a allo.

'Yarka, Rukayya

Damagaram, 23 ga Zulƙida

'Yata,

Na karanta, na kasa cin abinci. Mu'azu ba zai dawo ba, kada ki matsa masa. Ki riƙa zuwa gaishe shi ba tare da kin roƙi komai ba.

Hawwa tana nan tukuna. Gobe ki riga kowa zuwa, ki bar teburinki, ki ja kujera kusa da ita. Ki tambaye ta abin da mahaifinki yake yi mata wanda ba ki sani ba. Wataƙila ba za ta faɗa ranar farko ba. Ki koma jibi. Ki gwada, 'yata.

Allurar mai shuɗin zare kuwa, ki bar ta inda take.

Kawunki, Shu'aibu